Ƙanwarku za ta shiga makon zaɓen sororiti, ina neman shawara

Ƴar Fagge:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena, da fatan an wuni lafiya. Na samu gurbin karatu a wata babbar jami'ar jiha a kudancin Amurka. Yarinyar da aka haɗa mu ɗaki ta ja ra'ayina har na yi rajistar makon zaɓen sororiti, ƙungiyoyin nan na ƴan mata masu sunayen haruffan Girka. Za a fara kafin a buɗe aji. Na biya kuɗin rajista, amma har yanzu ban gane kan abin ba. Bidiyon da nake gani a TikTok duk fararen fata ne da gajerun riguna, ni kuwa da hijabina nake, kuma ba zan cire ba. Mama ta ce in tambayi manya kafin ta kai maganar gaban Baba. Don Allah wadda ta san harkar ta taimaka min. Me ake yi a makon, me ake tambaya, kuma akwai wurin irina a ciki?

Maman Ikram:
Wa alaikumus salam. Ƴata, ina karantawa gabana yana faɗuwa. Ƙungiya mai rantsuwa da sirri a jami'a, ai mun ga ƙarshenta a gida. Pyrates ɗin da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Ibadan a 1952 ba don zubar da jini aka fara ta ba, amma ki duba yadda ƙungiyoyin asirin da suka biyo baya suka mayar da jami'o'inmu. Karatu aka tura ki. Ki riƙe ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta makarantarku, ta ishe ki.

Zee Kaduna:
Anti Maman Ikram, tsoronki yana kan hanya, amma ba abu ɗaya ba ne. Ni na shiga, daga baya kuma na yi aikin jagorar sababbi, waɗanda ake kira Rho Gamma, wasu makarantun su ce Rho Chi ko Pi Chi. Waɗannan ƙungiyoyi a fili suke. Suna da rajista da jami'a, akwai ofishin da ke sa musu ido, sunansu yana rubuce ɓaro-ɓaro a jikin gidajensu, jami'o'i da yawa ma suna wallafa matsakaicin makin kowane gida duk zango. Guda 26 ne a ƙarƙashin uwar ƙungiyarsu, National Panhellenic Conference, wadda aka kafa a 1902.

Ƙanwata, ga yadda makon yake. Za a raba ku rukuni-rukuni, kowanne da jagorarsa. Ita jagorar ƴar wani gida ce, amma tana ɓoye gidanta har a gama, don kada ta karkata ku. Zagayen farko za ki ga dukkan gidajen, ko dai ki shiga ko ki kalli bidiyonsu. Na biyu na ayyukan jinƙai ne, kowane gida ya nuna abin da yake tara wa kuɗi. Tri Delta asibitin yara na St. Jude suke yi wa aiki, Zeta Tau Alpha wayar da kai kan kansar mama, Pi Beta Phi koyar da yara karatu, Delta Gamma masu lalurar gani. Na uku na zumunci ne, a nan hira take tsawo, a zagaya da ke cikin gidan. Na ƙarshe shi ne daren fifiko, inda galibi gida biyu kawai suka rage miki. Washegari ranar Bid Day, wato ranar tayi, a miƙa miki ambulan mai ɗauke da sunan gidan da ya ɗauke ki.

Abin da ya fi ba sababbi tsoro shi ne bakin ƙofa. Kuna tsaye a layi cikin rana, an karɓi wayoyinku, sai ƙofa ta buɗe, ƴan mata sun cika ta suna tafi suna rera waƙa da iya ƙarfinsu. Ɗaya ta kamo ki ta kai ki kujera. Kuna cikin magana wata ta zo ta karɓe ta, sannan wata. Ba raini ba ne, an tsara haka ne don mutane da yawa su gan ki, domin kuna fita za su zauna su ba ki maki.

Ƴar Fagge:
Yaya Zee na gode sosai. Maki kuma? Wato su ne ke zaɓa, ni ba ni da ta cewa?

Zee Kaduna:
Ku duka biyu kuke zaɓa. Kowane dare za ki jera gidajen da kika fi so, su ma su jera nasu, kwamfuta ta haɗa. Da safe jagora ta ba ki takardar gidajen da suka sake gayyatarki. Kullum tana raguwa.

Ki riƙe wannan da kyau, don shi ne abin da na fi so ki sani kafin ki shiga. Akwai wani lissafi da ake kira RFM. Gidan da ƴan mata suka fi rububinsa dole ne ya saki mutane da yawa tun da wuri, ko yana so ko ba ya so, don waɗanda aka saki su samu lokacin duba sauran gidajen. Saboda haka za ki iya yin hira mai daɗi da wata, ku yi dariya, ku rabu kamar kun shekara tare, washegari ki ga babu gidan a takardarki. Na zauna da ƴan mata a kan matakala suna kuka, kwalli yana bin kumatu, suna tambayata me suka yi. Mafi yawansu ba su yi komai ba. Adadi ne ya cika. Wasu kuma makin sakandare ne ya fitar da su tun kafin a ga fuskarsu, don kowane gida yana da mafi ƙarancin makin da yake karɓa.

Malama Hauwa:
Zee ta faɗi gaskiya game da lissafin, amma kada mu ɓoye wa yarinyar nan ɗaya ɓangaren. Ina koyarwa a nan, kuma na ga ɗalibai da yawa sun bi ta wannan hanya. Ba duk sakin da aka yi ba ne na lissafi. Waɗannan ƙungiyoyi tsofaffi ne. Wadda ta zama Alpha Delta Pi an kafa ta a 1851 a kwalejin mata ta Wesleyan da ke Macon a jihar Jojiya, lokacin ana tsakiyar bauta a Kudu. Sun daɗe ba sa karɓar baƙar fata, da yawa ba sa karɓar Yahudawa. Shi ya sa ƴan matan Yahudawa suka kafa nasu, Alpha Epsilon Phi a 1909 da Sigma Delta Tau a 1917.

Kada kuma a ce tsohon labari ne. A watan Satumba na 2013 jaridar ɗalibai ta Jami'ar Alabama, Crimson White, ta fallasa yadda aka hana ƴan mata baƙar fata masu maki mai kyau shiga, kuma ƴan gidajen da kansu suka ce tsofaffin mambobi ne suka taka birki. Sai da ɗalibai suka yi zanga-zanga, hukumar jami'ar ta sa aka sake buɗe ƙofa, sannan aka karɓi wasu. Abubuwa sun gyaru tun daga nan, ba na musu. Tun 2020 ƙungiyoyi da dama sun daina fifita ƴaƴan tsofaffin mambobi, wasu sun daina wajabta takardar shaida daga tsohuwar mamba, kuma waɗannan biyun su ne suke toshe wa irinmu hanya, mu da iyayenmu ba su yi karatu a nan ba. Duk da haka, ƴata, idan kin shiga gida ki ɗaga kai ki duba hotunan mambobi da ke jikin bango. Ki ƙirga fuskoki irin taki. Ki kuma lura ko akwai su a cikin shugabanni, ko kuwa a gaban hoton talla kawai ake sa su.

Ummu Sudais:
Ni duk wannan bai dame ni ba kamar addini. Rantsuwar da ake yi a ɓoye, da sunan wa ake yin ta? Sannan na ji suna haɗa liyafa da ƙungiyoyin maza, ana shan giya. Yarinya mai shekara goma sha takwas, ita kaɗai, babu uwa babu uba. Ku ji tsoron Allah ku faɗa mata gaskiya.

Zee Kaduna:
Anti Ummu Sudais, tambayarki ita ce tambayar, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyoyin Kiristoci ne, kuma a wasu gidajen akwai addu'a ko ayar Baibul a cikin bikin rantsarwa. Ba za su faɗa miki kalmomin ba, amma kina da damar tambaya ko akwai wani abu na addini a ciki, kuma ko za a iya ɗauke miki shi. Akwai makonni tsakanin karɓar tayi da rantsarwa, a nan ne za ki je wurin shugabar gidan ki yi wannan tambaya ido da ido. In ba ki gamsu ba ki fita kafin rantsarwa. Wannan yana da muhimmanci, domin da zarar an rantsar da ke a ɗaya daga cikin 26 ɗin, ba ki da damar shiga wata har abada.

Maganar giya, dokarsu ta hana giya a cikin gidajen sororiti. Amma liyafar da ake yi a waje da ƙungiyoyin maza, e, ana sha, kuma duk wadda ta ce miki ba a sha ta yaudare ki. Ba dole ba ne zuwa. Abin da yake dole shi ne taron mako-mako da ayyukan jinƙai. Ni ban taɓa sha ba, ba a kuma tilasta min ba. Sai dai akwai daren da kowa zai fita ya bar ki, kuma wannan kaɗaicin gaskiya ne. Wadda ta san zuciyarta ba ta da ƙarfin jure wannan, gara ta haƙura.

Maman Ikram:
To azabtar da sababbi fa? Ba a nan Amurka ba ne yaro ya mutu?

Malama Hauwa:
An yi, Hajiya. Timothy Piazza ya rasu a 2017 a Jami'ar Penn State, bayan an ɗura masa giya a daren karɓarsa ƙungiyar maza ya faɗo daga kan matakala. Ba shi kaɗai ba ne. Mafi yawan mace-macen a ɓangaren maza suke, amma mata ma ba su kuɓuta daga wulaƙanta sababbi ba. A Disamba 2024 aka sa hannu kan dokar tarayya da ta wajabta wa jami'o'i bayyana irin waɗannan laifuka. Ƴar Fagge, ki shiga shafin jami'arku ki nemi rahoton ƙungiyoyin da aka hukunta, ki karanta kafin ranar farko. Ki nuna wa Mama ma.

Ƴar Damagaram:
Sannunku. Ku bar ni in sa baki, don har yanzu babu wadda ta ambaci namu. Ƙanwata, waɗanda kike gani a TikTok ba su kaɗai ba ne. Akwai ƙungiyoyin baƙar fata guda tara, huɗu a ciki na mata ne. Alpha Kappa Alpha a 1908, Delta Sigma Theta a 1913, Zeta Phi Beta a 1920, duk a Jami'ar Howard da ke Washington, sai Sigma Gamma Rho a 1922 a Jami'ar Butler. Kamala Harris ƴar Alpha Kappa Alpha ce. Mu ba ma yin wannan makon na layi da waƙa. Sai kin zauna a makaranta kin tara maki, kin halarci tarukansu, kin yi aikin sa-kai, sun san ki kin san su, sannan ki nemi wadda kike so ita kaɗai. Kuma ba a gama ta da gama jami'a, za ki ga tsofaffi masu jikoki suna zuwa taro da kalar ƙungiyarsu.

Abin da nake so ki gane shi ne in aka rantsar da ke a can, kin rufe wa kanki wannan ƙofar. Ke ko aji ba ki shiga ba tukuna. Saurin me kike yi?

Akwai ma na Musulmi. Gamma Gamma Chi tun 2005, da Mu Delta Alpha da ta fara a Jami'ar Texas ta Dallas a 2016. Rassansu kaɗan ne, ki bincika ko akwai kusa da ke.

Ƴar Zango:
Ni a kan kuɗi zan tsaya. Na shiga, na so su, su ma sun riƙe ni da kyau, amma kafin shekara ta zagayo na ajiye. A manyan jami'o'in Kudu kuɗin zango ɗaya yana kaiwa dala dubbai, musamman zangon farko da ake haɗa kuɗin shiga da na baji da na abinci. Bayan wannan akwai ƙananan da ba a rubutawa a gaba, rigar wannan taro, rigar wancan, kyautar da za ki saya wa sabuwar mambar da aka ba ki a matsayin ƙanwa a shekara ta biyu, tara idan kin ƙi zuwa taro babu uzuri. In da bizar ɗalibi kika zo, awa 20 kawai aka yarda ki yi aiki a mako lokacin karatu, shi ma a cikin makaranta. Ki lissafa wannan da canjin naira na yau. A ɗaya daga cikin zagayen za su ba ki takardar bayanin kuɗi. Kada ki ji kunya, ki karanta ta layi-layi, ki tambaya ko ana biya kashi-kashi, ko zama a gidan dole ne a shekara ta biyu. Ki kuma tambayi abinci. In kina biyan kuɗin girki alhali rabin abincin da naman alade a ciki, asara kike yi. Ki tambaya me za su yi miki da azumi.

Ƴar Fagge:
Allah Ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Mama ta karanta komai, ta yi wa Baba bayani. Ya ce in je in gani, gani ya kori ji, amma kada in sa hannu a komai sai mun yi magana. Saura kaya da hira. Me zan sa, me zan ce?

Zee Kaduna:
Zagayen farko galibi za a ba ku riga iri ɗaya mai gajeren hannu. Ki sa mai dogon hannu mara nauyi a ciki, da dogon siket ko wando mai faɗi. Zafin Agusta a Kudu ba wasa ba ne, ga gumi, don haka hijabin auduga, da wani a jaka na canji. Takalmi mara tsini na tafiya, ruwa, ƴar fanka ta hannu. Tun ranar farko ki ja jagorarki gefe ki gaya mata lokacin azahar da la'asar, akwai hutu tsakanin gidaje, za ta sama miki wuri. Daren fifiko ki sa atamfarki ko leshi mai kyau. Ki yi lalle ma in kina so, da kansu za su kama hannunki su tambaya, hira ta buɗe.

Ana gargaɗin sababbi su guji maganar samari, giya, dukiya, siyasa da addini. Huɗun farko ki bi. Na biyar kuwa ke a kanki yake, ba ya ɓoyuwa. Ba wa'azi za ki yi ba, amma ki faɗa a sauƙaƙe cewa kina salla, ba kya sha, sannan ki kalli fuskar mai sauraro. In ta ce akwai wata irinki a gidan bari ta kira ta, alama ce mai kyau. In ta daburce ta canja magana, kin samu amsa. Ki tambaya ko maza suna shigowa gidan, don wasu gidajen suna da maza masu aikin kicin, kuma wannan ya shafi inda za ki iya cire hijabi. Kada ki zagi wani gida a gaban wani. Duk wadda ta ce miki ta yi alkawarin za a ɗauke ki, ta karya doka, kuma ba ta da ikon cikawa.

Ƴar Fagge:
Salam. Na dawo da labari. Zagaye na biyu da na uku sun wuce. Gidan da ƙawar ɗakina ta fi so, ni ma na sa shi a sama, sun sake ni, ita sun riƙe ta. Na ji zafi, amma na tuna maganar Yaya Zee ban yi kuka a gaban mutane ba. Gida biyu suka rage min. Na farko sun yi min fara'a sosai, sai dai da na ambaci salla yarinyar ta ce abin sha'awa, ta koma maganar takalmina. Na biyu ƙaramin gida ne, ƴan rukunina suna cewa ba shi da suna. A can na haɗu da wata ƴar asalin Somaliya mai hijabi, ita ce ma'ajinsu. Ta nuna min ɗakin karatu inda take shimfiɗa sallaya, ta ce da azumi mai girki yana ajiye mata abincin buɗa-baki a firji da sunanta a jiki. Kuɗinsu ma ya fi sauƙi. Gobe daren fifiko, an ce za mu sa hannu a wata takarda. In rubuta duka biyun ko ɗaya?

Ummu Sudais:
Ni har yanzu ban sauka daga ra'ayina ba. Amma tunda kin kai nan, ki yi istihara yau da dare, ki kuma kira mahaifinki kamar yadda ya ce.

Ƴar Damagaram:
Maganar suna ki watsar da ita. Waɗanda ke jera gidaje daga sama zuwa ƙasa a intanet ba su ne za su zauna da ke ba. Amma ina nan kan bakana, ki tabbata ba namu kike so ba kafin ranar rantsarwa.

Zee Kaduna:
Takardar sunanta MRABA, kuma tana ɗaure ki, don haka ki karanta a natse. In kin rubuta gida, suka ba ki tayi, kika ƙi, ba za ki iya shiga wani ba a makarantar sai makon zaɓe na baɗi. In kin rubuta duka biyun, damarki ta samun tayi ta fi yawa, shi ya sa jagorori suke ƙarfafa hakan. Amma za ki iya faɗawa na farkon, wanda ba ki natsu da shi ba. In kin rubuta ɗaya kawai ba a haɗa ku ba, za ki fita babu komai ranar, sai dai kina da damar shiga ta ƙofar da ake buɗewa bayan mako, inda gidajen da ba su cika ba suke ɗaukar mutane a hankali, da shayi da hira, babu layi babu waƙa.

Ki je duka biyun gobe da zuciya ɗaya, don mutane sukan canja a daren nan. In kin fito har yanzu ba za ki iya zama da na farkon ba, kada ki rubuta shi, ko wa ya matsa miki. Ba za a ba ki waya a ɗakin sa hannu ba, saboda haka ki kira Baba yau, ki karanta masa takardar kuɗin ƙaramin gidan da sharaɗin da na faɗa miki. Ki kuma nemi ƴar Somaliyar nan gobe ki yi mata tambayar Anti Ummu Sudais game da rantsuwa, ita ta riga ta wuce ta, ta san abin da ke ciki.